Gargaɗi ga masu mota: ana yi wa matacciyar altaneta fenti a sayar muku, a rufe fitilar batir

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda zai sauya altanetar motarsa, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ya daure ya karanta wannan kafin ya zaro kuɗi. Abin a kaina ya faru, kuma saura ƙiris ya haɗa da iyalina.

Motata Corolla ce mai giyar otomatik. Jar fitilar nan mai hoton batir ta fara kamawa tana ɗaukewa, daga baya ta zauna daram. Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani mai wayarin a nan Kano. Ya kwance altanetar, ya jujjuya ta, ya kai hanci ya sunsuna, ya girgiza kai. "Alhaji, kwayil ya ƙone, wannan ba ta gyaruwa. Amma akwai Beljiyom a hannun wani yarona, kamar sabuwa. Ka bar motar ta kwana."

Washegari na tarar da altaneta tana ƙyalli a jikin inji. Murɗa makulli ɗaya motar ta tashi, das bod tas babu jar fitila. Na biya kuɗin da ya kusa rabin albashina. Da na tambayi tsohuwar sai ya ce, "Haba Alhaji, ai ta 'yan gwangwan ce." Na bar masa.

Washegarin ranar bayan la'asar muka kama hanyar Zariya, ni da mai ɗakina da yara biyu. Mun wuce Kura lafiya lau. Magariba ta kawo kai na kunna fitilun gaba, ba a jima ba rediyo ya ɗauke da kansa. Fitilun suka fara yin ja-ja kamar aci-balbal. Allurar gudu ta faɗi ƙasa alhali muna tafiya, giya ta ƙi sauyawa, sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu kafin mu kai Kwanar Dangora. Nan take sitiyari ya yi nauyi, na taka birki sau biyu na uku ya zama kamar dutse. Da ikon Allah na gangara gefen titi. Ko fitilar tsayuwar gaggawa ba ta iya ƙiftawa sosai, ga tireloli suna wucewa iskarsu na girgiza mu. Mai ɗakina ta fitar da yaran ta ja su cikin gona, ni kuma na tsaya bayan motar ina haska wayata don kada wani ya hau ta. Wannan tsayuwar ba na fatan ta ga kowa.

Da safe aka kawo mini wani dattijo mai wayarin daga wani gari da ke kusa. Ya zo da batirin aro da ƙaramar mitarsa a aljihu. Kafin a tada mota ya ɗora mitar a kan batirin, ta nuna 12.5. Aka tada, maimakon lambar ta hau sai ta sauka, tana ci gaba da sauka. Ya sa farce ya karci jikin altanetar, fentin azurfa ya ɓare, baƙin datti na shekaru ya fito. Ya ce, "Malam, wannan ko rana ɗaya ba ta yi maka caji ba." Na ce, "Baba, to ai fitila ba ta kama ba." Ya ce in murɗa makulli kada in tada inji. Fitilar mai ta kama, ta inji ta kama, ta birki ta kama, ta batir shiru. Ya kwance gilashin das bod ya nuna mini: an liƙe bayanta da baƙin tef ɗin wayarin.

Ga yadda damfarar take aiki, kuma sai an fahimci wannan za a gane dalilin da ya sa take kama mutane. Aikin batir shi ne tada inji. Da zarar ya tashi, altaneta ce, wadda fanbel ke juyawa, take ciyar da famfon mai da kwayil-kwayil na fulogi da kwamfutar mota da fankar lagireto da fitilu, kuma ta mayar wa batir abin da ya kashe. Idan ta mutu motar ba ta tsayawa nan take. Duk waɗannan kayan sai su koma jan wuta daga batir, har su tsotse shi. Shi ya sa mai wayarin na farko ya ce in bar motar ta kwana: ya ɗora batirina a caja dare guda ya cika shi fal. Batirin 75 amf da ya cika, da rana, babu fitila babu AC, zai kai mutum gida ya dawo da shi har ya ɗauke shi tafiya mai ɗan nisa bai ji komai ba. Amma kowace fitilar gaba ta halojin tana cin wat 55, ga na baya da na das bod. Dare na yi lissafin ya ƙare. Wanda ya liƙe wannan tef ya san da haka sarai, ya san motar za ta mutu, kuma ya san an fi sa ran ta mutu da dare a kan hanya. Wannan ne ya fi ci mini rai fiye da kuɗin.

Kuma cin bai tsaya nan ba. Da na koma masa, maganar farko da ya yi ita ce, "Alhaji, kayan wuta ba su da garanti." Ta biyu, wai batirina ne ya mutu, akwai sabo a wajen yaronsa. Batirin kuwa ya raunana da gaske, domin batirin mota ba a yi shi don a tsotse shi ƙaf ba, idan aka yi masa haka ƙarfinsa ba ya dawowa yadda yake. Shi ya kashe shi, shi kuma yake son sayar mini da wani. Tsohuwar altanetata ya ce an riga an sayar. Dattijon nan ya gaya mini cewa sau da yawa abin da ke lalacewa a ciki burushin kabon ne da ya cinye, ko aisi mai daidaita wuta, ko dayod, ko boris, kuma duk ana sauya su da kuɗi kaɗan. Ina kyautata zaton tawa tana jikin motar wani yanzu.

Ba duka masu wayarin ne haka ba, wanda ya cece ni ma mai wayarin ne. Amma kada amana ta hana ku dubawa. Kafin ku biya, ku murɗa makulli ba tare da tada inji ba: dole fitilar batir ta kama, sannan ta ɗauke bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba tun farko, a buɗe a ga dalili. Har ma akwai masu haɗa ta da wayar fitilar mai don ta riƙa kamawa tana ɗaukewa tare da ita, saboda haka fitila kaɗai ba shaida ba ce. Shaidar ita ce mita. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna wajen 12.6 idan inji a kashe yake. Idan inji na aiki, lambar ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. A kunna fitilu da AC a sake dubawa, idan ta faɗo ƙasa da 13 ta ƙi tashi ko an ɗan taka totur, babu caji na kirki. Gwajin ba ya cin minti biyu, kuma mai gaskiya ba zai ƙi yin sa a gabanku ba.

Kada ku yarda da gwajin nan na cire kan batir inji na aiki wai a ga ko zai mutu. A motocin yanzu wutar na iya tsalle ta ƙone kwamfutar mota, asara ta ninku. Tsohon kayanku kuma ku karɓe shi, ko na bola ne.

Idan fitilar ta kama muku a hanya, ku kashe AC da rediyo da fanka, ku zare cajar waya, ku nufi gari mafi kusa, kada ku kashe injin sai kun isa inda za ku iya tsayawa lafiya, domin mai yiwuwa ba zai sake tashi ba, motar otomatik kuma ba ta tashi da turi. Ido a kan allurar zafi. A motoci da yawa fanbel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa, idan shi ne ya tsinke to tsayawa ta zama dole, in ba haka ba inji ya tafi. Idan kuwa rana ta kusa faɗuwa, gara a kwana a inda ake.

Maganata da mai wayarin na farko ta kai gaban shugaban garejinsu, aka sa ya mayar mini da wani ɓangare na kuɗin, da sharaɗin in mayar masa da altanetarsa. Na mayar, amma kafin nan na sa ƙusa na yi mata layi uku masu zurfi kusa da inda soket ke shiga, yadda fenti ba zai cike su ba. Wanda aka kawo wa altanetar Corolla mai ƙyallin azurfa a Kano, ya shafa wurin da yatsa.