Asusun 'yan ajinmu na Ɗanfodiyo: abin da na gani cikin shekara huɗu ina zubi

Shekara huɗu ke nan ina zuba kuɗi a asusun da 'yan ajinmu suka buɗe don tallafa wa ɗaliban da ke bayanmu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kwanan baya wani ƙanena da ya gama bautar ƙasa ya tare ni bayan sallar isha'i, ya ce su ma suna son kafa irin nasu, ko tsarinmu abin kwaikwayo ne? Na ce ya ba ni kwana biyu, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci.

Ni malamin sakandare ne, a unguwar Mabera ta Sakkwato nake zaune. Muna tsakiyar karatu aka yi ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin jami'a na dindindin ta wajen Kwalkwalawa, har aka koma tsallaka ruwa da kwale-kwale. Waɗanda suka sha wannan shekarar tare akwai wata irin zumunta a tsakaninsu. Mun ci garin kwaki a kwano ɗaya, mun ranta wa juna kuɗin mota daga Dandima. Shi ya sa da wani daga cikinmu ya kawo maganar asusu a zaurenmu na WhatsApp, ba a ja ta da nisa ba. Kowa ya tuna wani da ya ajiye karatu saboda kuɗin da yau ba su kai cefanen mako ba.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Mafi ƙarancin zubi naira dubu goma a shekara, wanda Allah ya hore wa ya ƙara. Ana tura kuɗin ta waya, ma'aji ya ga alat, ya aiko maka da rasit mai lamba. A shekarar farko cikin asusun ma'aji na kansa ake zubawa, kuma wannan bai kwanta mini ba ko kaɗan. Mutumin kirki ne, na san shi tun muna aji ɗaya, amma kuɗin jama'a a aljihun mutum ɗaya jarraba ce gare shi, kuma ƙofar zato ce ga sauran. Idan ya faɗi ya mutu, wa zai rarrabe wa magada nasa da namu? Da aka matsa, sai aka yi wa ƙungiyar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, aka buɗe asusun banki da sunanta, mutum uku ke sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun amince. Daga ranar na ninka abin da nake bayarwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a miƙa wa ɗalibi kuɗin rajista a hannu. Tun da gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai ɗaya a 2015, kuɗin makarantunta ta Remita suke bi, wato kafar intanet da ake biyan kuɗin gwamnati ta cikinta. Ɗalibi zai shiga shafin makaranta ya fitar da lambar biya, wadda yara ke kira RRR, ya kawo ta, a biya kai tsaye da sunansa. Babu zancen an ba shi, mahaifiya ta kwanta asibiti, kuɗi sun tafi can. Ba don yaran ba su da amana ba. Wanda ya fito daga gidan da babu, kowace naira da ta shigo hannunsa tana da masu jiranta goma, kuma ba ya iya kallon idon uwarsa ya ce na makaranta ne.

Na ga yadda ake yi da idona bara, da ma'aji ya ce in raka shi. Mun haɗu da yaron a Runjin Sambo da la'asar, cikin zafin watan Afrilu, iska kamar daga bakin tanda. Ɗan aji uku ne, daga wani ƙauye a yankin Gwadabawa, mahaifinsa manomin albasa. Ya zo da takardar a cikin leda, ya ninke ta huɗu, gefenta duk ya yi laushi da gumi. Ya durƙusa zai gaishe mu, ma'aji ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, ma'aji na dannawa a waya, sunan yaron ya fito, aka biya. Muka shiga wani shagon kwamfuta aka buga rasit biyu, ɗaya nasa, ɗaya na fayil. Ya daɗe yana duban takardar kafin ya ɗago.

"Baba, Allah shi saka da alheri. Wallahi jibi za a ruhe, ni har na hwara haɗa kayana."

Ma'aji ya ce, "Ba mu ba ne, ɗana, yayyenka ne da suka zauna kujerar da kake zaune. Kai dai ka riƙe karatu. In ka gama ka samu abin yi, ka tuna da na bayanka."

Ba a ɗauki hotonsa ba. Wannan doka ce da kwamitin asusun ya kafa tun farko, kuma ina yaba musu a kanta: ba a sa fuskar ɗalibi ko sunansa a zaure. Abin da ake turo mana shi ne rasit da aka rufe sunan, da sashen da yake karatu, da ajinsa. Duk wanda ke son ya tabbatar, ya je wurin sakatare ya ga fayil.

Ta wajen zaɓen waɗanda za a taimaka ma an yi ƙoƙari, ko da yake an fara da tuntuɓe. Da farko duk wanda aka kawo, ɗan ƙanen wane ne ko maƙwabcin wane. Yanzu ɗalibi na cike takarda, a nemi shaidar wani malami a sashensa, a fifita 'yan ajin ƙarshe da marayu. Sai dai shekara biyu a jere kusan duk maza ne suka samu, har wata Hajiya 'yar ajinmu, ma'aikaciyar jinya, ta ce mana 'yan mata ba za su zo su tsaya gaban maza su ce ba su da shi ba, ko da kuwa za su koma gida. Ita ta ɗauki nauyin bi ta ɗakunan kwanansu da masallacin mata tana tambaya a hankali. Kwamiti na mutum bakwai, mace ɗaya: wannan har yau bai gyaru ba.

Da aka buɗe rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, a 2024, wasu a cikinmu suka ce to, an hutar da mu. Rance ne marar ruwa, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira dubu ashirin a wata na kashewa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Alheri ne, kuma muna ƙarfafa yara su nema. Amma bashi bashi ne, akwai iyayen da ba su yarda 'ya'yansu su ci shi ba, akwai kuma wanda amincewar ba ta fitowa sai an kusa rufe rajista. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci sun cinye dubu ashirin tun kafin tsakiyar wata. Wani kuma ya kawo zancen TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati. Ita gine-gine take yi, da horar da malamai, da kuɗin bincike, daga harajin da ake karɓa a hannun kamfanoni. Ba ta san yaron da ya rasa kuɗin buga kundin kammala digirinsa ba. Wannan ramin namu ne mu cike, kuma kwamitin ya yi daidai da ya karkatar da wani kaso zuwa kuɗin kundi da na mota ga 'yan ajin ƙarshe.

An kuma yi muhawara a kan zakka. Wani ɗan kasuwa a cikinmu ya tambaya ko zai iya lissafa zubinsa cikin zakkarsa. Aka kai maganar ga wani malaminmu na da, ya ce zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, ɗalibi matalauci yana iya shiga ciki, amma ba a gyara famfo da ita, ba a kama zauren taro da ita. Tun daga nan aka raba littafi biyu, na zakka daban, na sadaka daban. A garin da ke da hukumar zakka da waƙafi ta jiha, wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ya sa wasu da ke ɗari-ɗari suka saki jiki.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Duk ƙarshen zubi sakatare na fitar da jerin sunaye da abin da kowa ya bayar, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Suka ce don a zaburar da mutane ne. Na yarda bayyana sadaka ba haramun ba ne, kuma wani sai ya ga an yi yake yi. Amma akwai wani abokina, malamin firamare, mai 'ya'ya bakwai, wanda ya biya shekara biyu sannan ya yi shiru. Na je har gidansa. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura, muka daɗe muna zancen duniya kafin na taɓo maganar. Ya ajiye ludayi ya ce, "Malam, dubu goman nan wata biyu nike tara ta. Sai in buɗe waya in ga sunana can ƙasan takarda, wane ya ba da rabin miliyan ana ta yi mai kabbara. Ba hassada nike ba, Allah shi ƙara mai. Amma ɗiyana na ɗaukar wayag ga." Ban sami abin ce masa ba. Mutumin da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in da komai ba, ya fi mai rabin miliyan jin zafin abin da ya fitar. Na kai ƙorafi sau biyu: a fitar da sunaye ba tare da adadi ba, jimilla kuma a faɗe ta a dunƙule. Har yanzu ana cewa za a duba.

Na biyu shi ne walimar da aka yi shekarar da ta wuce. An kama zaure a wani otal, an buga huluna da allunan karramawa, aka ce daga asusu za a cire rabin kuɗin. A lissafina abin da aka kashe ya isa rajistar yara uku ko huɗu. Zumunci abu ne mai kyau, ni ma na ji daɗin ganin fuskokin da rabona da su tun ranar yaye mu. Amma mai son shinkafa da kaza ya biya daga aljihunsa. Wanda ya tura dubu gomansa da niyyar maraya bai tura don hula ba. An ji kunya da aka yi magana, an kuma yi alkawarin ba za a sake ba, zan ga ko za a cika.

Sai matsalar lokaci. Tun yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na wata takwas a 2022 kalandar karatu ta gurɗe, kuma kwamitin kan jira sai an sa ranar rufe rajista sannan a fara kiran a kawo agaji cikin mako biyu. Sau ɗaya abin ya faɗo daidai da sayen ragon layya. Bana an yarda mutum ya riƙa zuba dubu ɗaya ko biyu duk wata, wanda ya fi sauƙi ga ma'aikaci.

Abin da na fi so in gani nan gaba shi ne mu daina cinye duk abin da muka tara a shekararsa. Manyan jami'o'in Amurka da wannan suka tsaya da ƙafarsu: asusun Harvard ya haura dala biliyan 50, ribarsa ake ci, uwar kuɗin na nan. Mu ma ba aro za mu yi ba. Da dukiyar gadonta Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin, wanda ya zama jami'a, a birnin Fas na Maroko a shekarar 859, kuma waƙafi ne ya riƙe Azhar ɗaruruwan shekaru. Jami'armu da aka kafa a 1975 ta yaye mutanen da ke kowace ma'aikata a ƙasar nan. Ko shago biyu ajinmu ya saya ya mayar waƙafi, hayarsu za ta riƙa biyan rajistar wasu yara bayan babu ko ɗayanmu. Na kawo shawarar, mutum biyar sun goyi baya, ma'aji ya ce a bari a ga abin da zai rage bana.

Ga ƙanena, abin da zan ce ku ɗauka daga wurinmu: asusu da sunan ƙungiya tun ranar farko, biya ta lambar Remita, rasit ga kowa, da rufa wa yara asiri. Jerin sunaye da adadi kuwa, ku bar mana shi har mu gyara. Ni dai na tura zubina na wannan watan ranar Talata, rasit ya iso kafin magariba. Na kuma roƙi sakatare, in har sai ya fitar da jerin, ya rubuta "wani bawan Allah" a gurbin sunana, ya ba ni izinin in gaya wa abokina malamin firamare cewa shi ma ana iya yi masa haka. Ya amince. Ranar Juma'a bayan an sauko zan bi ta gidansa.