Zama biyar a wata cibiyar ba da shawara a Kano

Ni ne nake tuƙi ranar da tayarmu ta fashe a hanyar Zariya. Na fito da karaya a hannu, ƙanena kuma ko asibiti bai kai ba. Wata bakwai ina fama: barci ya gagara, ƙarar birki sai gabana ya faɗi, kuma kullum ina zagin kaina a zuci. Jama'a na ta cewa ƙaddara ce. Na yarda, amma zuciyata ba ta daina tuhumata ba.

Mai ɗakina ce ta matsa na je cibiyar, wadda wata ƙungiya ke gudanarwa kyauta. Da farko na ƙi, na ce mata ni ba asibitin masu taɓin hankali na Dawanau za a kai ni ba. Ashe babu allura, babu ƙwaya. Tsarin da suke bi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ana kiransa PM+, wato koya wa mutum dabarun shawo kan damuwa da matsalolinsa, wanda ta fitar a 2016 bayan an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya. Zama biyar ne, sau ɗaya a mako, kowanne minti 90, kuma mai zama da kai ba likita ba ne, horo aka ba shi. Nawa tsohon malamin makaranta ne, mai haƙurin sauraro.

Ranar farko ya sa na ɗora tafin hannu a ciki, in ja numfashi ina ƙirga uku, in sake shi ina ƙirga uku. Na raina abin. Ya ce in riƙa yi kullum, tun kafin tsoron ya taso, don jiki ya saba. Na liƙa shi da bayan Asuba da bayan Isha'i. A mako na biyu na yi kwana huɗu ban yi ba, na koma ina jin kunya, ina cewa ni dai ba na iya riƙe komai.

Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, da amininka ne a sitiyarin nan ranar, ya zo maka yana kuka, me za ka ce masa?" Na ce zan ce masa tayar ce ta fashe, ba shi ya fasa ta ba. Ya ce, "To kai me ya hana ka samun wannan maganar?" Na daɗe ban ɗago kai ba. Kwana huɗun ma haka muka yi da su: an rasa, sai a ɗora daga yau.

Sauran zaman sun tafi a kan komawa kasuwa kaɗan-kaɗan, da zuwa gaida Inna, wadda nake gudun haɗa ido da ita.

Inda suka gaza, gaskiya, shi ne sirri. Bencin jira yana bakin titi, duk mai wucewa na ganinka, bangon ɗakin kuma katako ne, ana jin muryar na kusa. Wanda ya zo da ciwon da yake ɓoyewa zai iya juyawa tun daga ƙofa. Sun kuma faɗa tun farko cewa mai tunanin kashe kansa asibiti suke tura shi, kuma hakan daidai ne.

Har yanzu ban koma tuƙin doguwar hanya ba. Amma shekaranjiya na kai Inna asibitin ido da kaina, tana gidan gaba.