Kiwon kaji da agwagi a ƙasar ƙanƙara: me ya kamata ka fara saya?

Duk Bahaushen da ya yi hunturunsa na farko a Minnesota ta Amurka ko Manitoba ta Kanada, ya ga ma'aunin sanyi ya sauka digiri 20 ƙasa da sifili, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ya kunna wa kajinsa wuta. Haka muka saba a gida, tukunyar gawayi ga 'yan tsaki in iskar hunturu ta taso. To amma babbar kaza ba ɗan tsako ba ce. Zafin jikinta ya kai digiri 41 a ma'aunin Celsius, ga gashi, kuma da dare sukan matsu da juna. Abin da ke illata su shi ne danshi: numfashinsu da kashinsu su tara laima a rufaffen akurki, ta kwanta a kan zanko da yatsu, ta daskare, wurin ya yi baƙi ya mutu.

Mafi arha a shago ita ce jar fitilar zafi mai wat 250, kuma ita ce ba zan ba ka shawarar saye ba. Kaza ɗaya ta yi fiffike ta ture ta cikin busasshiyar shimfiɗa, shi ke nan gobara. Tana shan wuta yunit 6 a kwana guda in ka bar ta kunne. Akwai kuma kwan fitilar da ake shafe shi da Teflon don kada ya tarwatse. Hayaƙinsa kashe tsuntsaye yake yi. Ka karanta kwalin da kyau.

Hita mai faɗi kamar allo, irin su Cozy Coop mai wat 200 ko Sweeter Heater, ta fi ta aminci nesa ba kusa ba. Ba ta ɗumama ɗaki, sai dai wadda ta raɓe ta. Wannan ba aibi ba ne, domin kajin da aka saba musu da ɗumi, ran da guguwar dusar ƙanƙara ta katse wutar lantarki, su ne ke fara jigata. Tana da amfani ga tsohuwar kaza, ko marar lafiya, ko mai saɓar gashi. In ka saya, ka haɗa da soket irin Thermo Cube, wanda ke kunna kansa a kusan digiri 2 na Celsius, ya kashe a 7.

Ni dai kuɗina na farko a kan ruwa zai tafi. Kaza mai ƙishirwa ba ta cin abinci, kuma abincin nan shi ne murhunta. Mazubi mai hita a ƙasa ya wadatar da kaji. Agwagwa kuwa sai ta tsoma kai gaba ɗaya ta wanke hanci da ido, don haka bokiti mai ɗumama kansa ko kwanon ruwan kare mai aiki da lantarki ya fi dacewa da ita. Amma ka ajiye shi a waje. Wanda ya taɓa kiwon agwagwa ya san ba ta shan ruwa sai ta yi ɓarna, in kuwa a cikin akurki ta yi, kaji ne za su kwana a cikin laimar.

Sai shimfiɗa. Karan alkama ya fi riƙe ɗumi saboda cikinsa rami ne, agwagi kuma a ƙasa suke kwana, su kutsa ciki. Dusar katako mai faɗi ta fi tsotse jiƙa, ta fi kyau a ƙarƙashin kaji. Sandar kwanansu a yi ta da katakon tu-bai-fo, faɗin yana kallon sama, yadda kaza za ta zauna ta rufe yatsunta da gashin ciki. A bar kafar iska can sama kusa da rufi, ba daidai kawunansu ba.

In ba ka riga ka sayi tsuntsayen ba, duba zanko. Kazar Leghorn mai babban zanko ita sanyi ya fi ci. Wyandotte da Chantecler, wadda aka samar a Quebec ta Kanada saboda irin wannan yanayi, zankonsu a kwance yake. Agwagwar da muka sani a gida, mai jan fuska, Muscovy ke nan, kuma fatar fuskarta ba gashi, sanyi na kama ta fiye da agwagwar Pekin. In ita ranka ke so, ita ce za ka saya wa allon hitar.