Neovim ko Emacs: amsa ga ƙanenmu na Aliero

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya. Ka ce kana karatun kwamfuta a jami'ar Aliero, laftof ɗinka tsohuwa ce mai RAM giga 4, VS Code na sa ta nishi, kana koyon Python, kuma kana son manhajar rubutu wadda za ka saita da hannunka. Tsakanin Neovim da Emacs wanne za ka kama? Na yi aiki da duka biyun a nan Birnin Kebbi, bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Dukansu tsoffin hannu ne. Neovim jikan vi ne, wanda Bill Joy ya rubuta a 1976. Daga vi Bram Moolenaar ya fitar da Vim a 1991, ya kuma yi ta rainonsa har ya mutu a watan Agustan 2023. Neovim ya tsago daga Vim a 2014. Shi ma Emacs asalinsa 1976 ne a MIT ta Amurka, sannan Richard Stallman ya saki GNU Emacs a 1985. Nauyi kuwa, kada ya dame ka, babu wanda zai wahalar da laftof ɗinka a cikinsu.

Inda suka raba hanya shi ne harshen da za ka yi musu magana da shi. Neovim, tun fitowa ta 0.5 a 2021, yana karanta fayil mai suna init.lua, da harshen Lua da aka ƙirƙira a Brazil a 1993. Wanda ya taɓa Python ba zai yi baƙunta a Lua ba, kwana biyu sun ishe shi. Emacs kuwa init.el yake karantawa, da Emacs Lisp, harshen da komai nasa ke cikin baka biyu, wata bakar a cikin wata, kuma sunan aiki ne ke zuwa gaba kafin abin da za a yi wa aikin. Makon farko ido zai yi ta ƙirga baka.

Gwajin da nake ba kowa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda babu su a kibod ɗin da muke saye. A init.lua layi ɗaya ne:

vim.keymap.set("i", ";k", "ƙ")

Ma'ana, in kana cikin yanayin rubutu, wato yanayin da Neovim ke karɓar haruffa bayan ka danna i, ka danna waƙafi mai ruwa sannan k, sai ƙ ta fito. Za ka lura duk lokacin da ka danna waƙafi mai ruwa shi kaɗai, sai manhajar ta ɗan yi jim na daƙiƙa guda, tana jiran ko k na tafe. Ba lalacewa ba ce, wani saiti ne mai suna timeoutlen, kana iya rage shi. A init.el kuma ga yadda yake:

(global-set-key (kbd "C-c k") (lambda () (interactive) (insert "ƙ")))

Ya fi tsawo, ba gardama. Amma ka kai alamar rubutu ƙarshen bakar ƙarshe, ka danna C-x C-e, wato Ctrl da x sannan Ctrl da e, nan take maɓallin ya fara aiki, ba rufewa ba sake buɗewa. A nan ne Emacs ya kama zuciyata. Mafi yawan jikinsa da Lisp ɗin nan aka gina shi, kuma a buɗe yake a gabanka yana cikin aiki. Ka danna C-h k sannan kowane maɓalli, zai faɗa maka sunan aikin da maɓallin ke kira, ya bayyana shi, ya ba ka hanyar zuwa inda aka rubuta shi. Ka ga abin da bai yi maka ba, ka sake rubuta shi a wurin. Kamar bakanike ne da ke gyaran inji mota na tafiya. Neovim ma yana da :help mai kyau ƙwarai, kuma :source % na sake karanta fayil ɗin da kake ciki, sai dai bai kai Emacs sakin jiki ba.

Maganar wuta kuwa, ka san halin da muke ciki, ga batirin tsohuwar laftof ba abin dogaro ba. Neovim na ajiye aikinka a wani ɓoyayyen fayil bayan harafi 200 ko shiru na daƙiƙa 4, kuma nvim -r ke dawo da shi. Emacs na yin nasa bayan dannawa 300 ko shirun daƙiƙa 30, a dawo da shi da M-x recover-file, wato Alt da x sannan a buga recover-file. Kunnen doki suka yi, ko in ce Neovim ya ɗan sha gaba.

Data ce abin lura. Na taɓa ɗauko saitin wani bawan Allah daga GitHub gaba ɗayansa, mai ƙarin kayan aiki fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ya lashe min data, ya yi kyau a ido, sai ranar da na sabunta shi da daddare, ina da aikin da zan miƙa da safe. Allo ya cika da jan rubutu, ni kuma ban san ko layi ɗaya a ciki ba, don ba ni na rubuta ba. Har aka kira assalatu ina goge-goge. A wannan fannin Emacs ya fi kwanciyar hankali: tun fitowa ta 29 a 2023, use-package, mai saita ƙarin kayan aiki, da Eglot, mai haɗa ka da sabar da ke duba maka kurakuran Python, suna cikinsa, Org na tsara rubutu da jadawalin aiki kuwa tun kafin nan yake cikinsa. Kayan Neovim sun fi saurin canzawa. In ka ɗora lazy.nvim, mai saukar da ƙarin kayan Neovim da sabunta su, ka riƙe fayil ɗin lazy-lock.json da kyau, shi ne ke tuna bugun kowane kaya da ya yi maka aiki, ya mayar da kai can in sabo ya ɓata.

To kai wanne? Neovim. Lua zai zo maka da sauƙi saboda Python, kuma maɓallan vi za su yi maka rana, domin da wuya ka shiga wata sabar Linux ka rasa vi a cikinta. Yana kuma tashi a wayar Android ta cikin manhajar Termux, ranar da laftof ta mutu. Wahalarsa ita ce yanayi-yanayin nan: za ka buɗe, ka fara bugawa, rubutu ya ƙi fitowa sai ka danna i, fita kuma sai Esc da :wq. Ka buga :Tutor, ka ba shi rabin awa, hannunka zai faɗa.

Da a ce rubutun Hausa mai tsawo ko kundin kammala karatu ne babban aikinka, da Emacs zan tura ka saboda Org, kuma ko can akwai Evil mai kawo maɓallan vi, ba za ka yi asarar abin da ka koya ba.

Ka fara da init.lua wanda babu komai a ciki. Layi na farko vim.opt.number = true don lambar layuka ta fito, sai layuka uku na ƙ da ɗ da ɓ, ka ƙara uku na manyansu, Ƙ da Ɗ da Ɓ. In sun yi aiki, ka turo min hoton allon, sai mu shiga yadda za ka haɗa shi da Python.