Aika wa masoyiya fure a Abuja da Kano: wane mai kaiwa ne ya cancanci kuɗinka?

Jan ros ɗin da ake miƙa wa mace a Maitama ko a Nasarawa ta Kano, galibi ba ƙasar nan ya tsiro ba. An yanko shi ne a gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha a Kenya, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,900, ko kuma a tsaunukan Habasha. Daga gona sai ɗakin sanyi, daga nan sai jirgi, ya sauka Legas ko Abuja, jami'an killace tsirrai su duba, dillali ya karɓa, sannan ya isa shago. Kafin ka ga hotonsa a waya ya riga ya ci kwanaki a hanya. Ros mai lafiya yana yin kwana bakwai zuwa goma a cikin kwalbar ruwa, amma fa sai in an riƙe shi a sanyin digiri 1 zuwa 4 tun daga gona. Duk sa'ar da ya yi a cikin zafi, daga kwanakin nan ake zabtare ta.

Da wannan ma'aunin ya kamata a auna masu sana'ar. Kuɗin da kake biya, na sanyi ne da na lokaci. Takarda mai ƙyalli da zaren ado kowa na iya sayowa a kasuwa.

Masu kai fure a biranen nan kashi uku ne. Akwai masu shago tsayayye da ɗakin sanyi ko babban firijin fure mai gilashi, da janareto ko sola da ke ɗauka da zarar an ɗauke wuta. Su suka fi tsada, kuma su ne zaɓin farko ga duk wanda aljihunsa zai iya. Dalilin ba ya wuce ɗaya: kana iya takawa da ƙafarka, ko ka tura wani, a ga kayan ido da ido. Rauninsu shi ne tsohon kaya. Mai shago da ya sauke kwali ashirin bai sayar ba, ba zai zubar ba, zai cusa su ne a tsakiyar dami ya kewaye da sababbi.

Sai masu aiki daga gida, waɗanda shagonsu shi ne shafin Instagram da lambar WhatsApp. A cikinsu akwai gwanayen haɗa fure na gaske, hannunsu ya fi na wasu manyan shaguna kyau, farashinsu kuma da sauƙi. Matsalar ita ce da yawa ba su da wurin ajiya. Sai ka biya sannan su je wajen dillali su sayo. Idan a ranar suka sayo suka haɗa suka aika, babu laifi ko kaɗan, wani lokacin ma furensu ya fi na shago sabunta. Amma idan sun kwana da shi a firijin gida kusa da tumatir da ayaba da mangwaro, an gama da shi. 'Ya'yan itatuwan nan suna fitar da iskar etilin, wadda ke sa fure ya tsufa da wuri ya zubar da ganye. Ga kuma firijin gida da ke daskarar da abin da ya jingina da bayansa.

Kashi na uku su ne shafukan intanet na ƙasashen waje da ke cewa suna kaiwa ko'ina a duniya. 'Yan uwa mazauna Ingila da Amurka sun fi faɗawa hannunsu. Dillalai ne kawai: su cire kasonsu, su tura ragowar ga wani mai fure na garin, wanda ba ka san shi ba. Ka nemi mai furen kai tsaye, ka huta.

Kafin ka tura ko sisi, tambaya ta farko ga mai furen ita ce: "Hajiya, yaushe kayan nan suka sauka?" Mai gaskiya za ta faɗi ranar ba tare da kame-kame ba, har ta ce maka ka jira zuwa jibi sabon kaya na hanya. Wadda ta ce "kullum sabo muke da shi" ba ta amsa ba. Ga na Kano a ƙara da tambayar yadda ya iso, domin tsakanin Abuja da Kano sama da kilomita 400 ne, kuma kwalin fure da aka ɗora a but ɗin motar haya tare da kayan fasinja ya dahu kafin a wuce Zariya.

Sai a nemi bidiyo, ba hoto ba, na ainihin damin da za a kai, a ɗauka cikin hasken rana. Abin da za a duba ba shi da yawa. Kan ros sabo yana da tauri idan an ɗan matsa gindinsa da yatsu biyu. Idan ya yi laushi kamar auduga, ya tsufa. Ganyen waje guda biyu ko uku masu ɗan duhu da kauri ba aibi ba ne, kariya ce, ana cire su ne lokacin haɗawa. Amma kan da ya zama siriri kamar an fere shi, alama ce an yi ta ɓare ruɓaɓɓun ganye don a ɓoye tsufansa. Ɗigon ruwan ƙasa mai laushi a jikin ganyen furen cutar funfuna ce, tana kama furen da aka fitar daga sanyi ya yi gumi a cikin leda, kuma cikin kwana biyu za ta cinye kan gaba ɗaya ta harbi na kusa. Ƙasan kara ya zama kore mai tsabta. Idan ya yi baƙi ko yana yauƙi, ƙwayoyin cuta sun toshe hanyar ruwa, kuma abin da ke biyo baya shi ne lanƙwashewar wuya: kan ya sunkuya tun bai buɗe ba.

Kalmomin "ƙarami", "matsakaici" da "babba" da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto ba su da ma'ana a ciniki. A yi magana da lamba. Ros nawa, 12 ko 24 ko 50? Tsawon kara nawa? Ana sayar da shi ne a santimita 40, 50, 60 zuwa 70, kuma mai tsawo ya fi girman kai da tsada. Dami mai ros 12 na santimita 40 da aka cika da ƙananan fararen furannin jifsofila da takarda ninki biyar zai cika hoto, amma a hannu ba komai ba ne. A kuma rubuta a saƙo cewa ba a yarda a canza launi ko iri ba sai an kira ka. Nan ne rigima ta fi yawa, musamman a makon 14 ga Fabrairu da farashi ke tashi, jan ros ya yi wuya, a kai wa matar mutum ruwan hoda a ce ai duk ɗaya ne.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: yawancin ros na kasuwa ba shi da ƙamshi sosai, don an zaɓi irinsa ne saboda jure tafiya. Mu da muka saba da turaren wardi sai mu ɗauka an cuce mu. Kada a yarda a fesa masa turare, sinadarin da ke ciki yana ƙona ganyen. Shuɗin ros kuwa rini ne.

Sa'ar ƙarshe ita ce ke kashe fure mafi yawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma cikin akwatin ɗan aike a bayan babur ya fi haka nesa ba kusa ba. Ga girgiza, ga wasu saƙonni shida da zai fara saukewa. Shagon da ya san aikinsa yana kaiwa da mota mai na'urar sanyaya, ko aƙalla ya naɗe ƙasan karan da jiƙaƙƙiyar auduga cikin leda, ya tsayar da damin a tsaye, ya ba ɗan aiken saƙon nan shi kaɗai. A zaɓi safiya kafin ƙarfe goma, ko bayan la'asar. Da hunturu zafi ba shi ne abin tsoro ba, bushewar iska ce, don haka fure a buɗe a kan babur zai iso gefen ganyensa ya ƙanƙance. Idan na cikin kwali ne da aka soka a koren soson fure, a tambaya ko an bar soson ya nutse da kansa. Wanda aka danna cikin ruwa da hannu tsakiyarsa a bushe take zama, furen da ya faɗa wurin zai mutu a ranar.

Ba dole sai ros ba. Kaneshan da kirisantimam suna kai mako biyu, sun kuma fi jure yanayinmu. Tulif da haidiranjiya kyau gare su, amma asarar kuɗi ne a watan Afrilu. Lili yana da ƙamshi mai ƙarfi, sai dai garin da ke tsakiyarsa yana ɓata leshi da mayafi, a ce a cire kafin a kawo; kuma guba ne ga kyanwa, gidan da ake kiwonta kada a kai. Akwai kuma furen Jos. Kansa bai kai na Kenya girma ba, amma tafiyarsa zuwa Abuja ta sa'o'i ce kawai, kuma farashinsa ba ya bin dala. Mai shagon da ya faɗa maka gaskiya cewa na Jos ne, ya sa masa kuɗin na Jos, ya cancanci ka koma.

Damin da ake naɗa takardun naira a ciki, a bar shi. Babban Bankin Najeriya ya sanya shi cikin wulaƙanta naira a 2023, kuma dokar bankin ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun.

Ladabin kaiwa ma yana cikin abin da ake saya. Idan budurwa ce a gidan iyayenta, a tabbata gidan ya san da kai, kuma a faɗa wa ɗan aike ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, kada ya miƙa wa maigadi ya ajiye a rana. Shagon kirki yana sa kati a ambulan a rufe, yana kwafe saƙonka harafi da harafi. A tura shi a rubuce, musamman in da Hausa ne, don ba kowane ma'aikaci ke jin ta ba. A ba da lambar wani a gidan, ƙanwa ko mai aiki, don kada ɗan aike ya kira ita kanta yana cewa "Hajiya, ga ni a get da fulawarki" tun kafin ta gani. Mai mata fiye da ɗaya kuwa ya san lissafinsa tun kafin ya buɗe baki.

Wajen biya, a tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan kasuwancin, a duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a kuma amince tun farko cewa idan furen ya iso a lanƙwashe za a aiko hoto cikin sa'a biyu a sauya. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya san abin da ke cikin firijinsa.

Kaɗan ne daga cikin masu sana'ar ke haɗawa da 'yar ledar abincin fure, wato sinadarin da ake zubawa a ruwan kwalba don furen ya daɗe, ƙalilan kuma ke bayanin kulawa, alhali rabin kwanakin furen a hannun mai karɓa suke. Ta wanke kwalba da sabulu, ta cire duk ganyen da zai shiga ruwa, ta yanke santimita 2 zuwa 3 daga ƙasan kara a karkace da wuƙa mai kaifi, ta tsoma nan take. Idan babu abincin fure, a lita ɗaya ta ruwa a zuba babban cokali biyu na lemon tsami, babban cokali ɗaya na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic. A canza ruwan duk bayan kwana biyu, a sake ɗan yanke karan, a ajiye nesa da taga da fanka da kwandon 'ya'yan itace. Furen da wuyansa ya fara sunkuyawa, a sake yanke ƙasan karansa, a naɗe kan da jarida ya miƙe, a tsayar a ruwa mai ɗumi na sa'a biyu a wuri mai sanyi. Sau da yawa yana tashi.