Jami'ar Jiragen Sama ko Makarantar Tuƙi: Ina Ya Kamata Kuɗin Gida Su Tafi?

Da zarar yaro ya ce matuƙin jirgi yake so ya zama, tambayar da ake fara yi a gida ita ce wace jami'a za a kai shi. Tambayar tana da gyara, domin jami'a ba ta ba da izinin tuƙa jirgi. A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisi, a Amurka FAA, kuma abin da suke dubawa shi ne awannin da mutum ya yi a sama, da jarrabawar da ya ci, da takardar likita. Digiri ba ya cikin sharuɗɗan. Don haka duk mai shirin sayar da filinsa na unguwar Mabera a Sakkwato ko karya jarin albasarsa saboda wannan karatu, ya fara sanin cewa kaya biyu ake tallata masa a ƙunshi ɗaya. Digiri daban, lasisi daban, kowanne da farashinsa, kuma ana iya sayen kowanne shi kaɗai.

Lasisin hawa-hawa ne. Na farko, PPL, yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama da shekara 17 na haihuwa, amma ba a neman kuɗi da shi. Wanda ake cin abinci da shi shi ne CPL, wanda a ƙa'idar hukumar ICAO ta duniya ke buƙatar awa 200, ko 150 idan a makarantar da aka amince da tsarinta aka yi karatun a jere ba yankewa. A kansa sai an ƙara shaidar iya tuƙi da na'urori kaɗai a lokacin da ba a ganin waje, da ta tuƙa jirgi mai inji biyu. ATPL, wanda kaftin ɗin jirgin fasinja ke riƙewa, sai an tara awa 1,500 kuma an kai shekara 21. Kowace awa a cikin waɗannan kuɗi ce: mai, malami, gyaran jirgi, inshora. Ga kuma Turanci, wanda dole a kai mataki na 4 cikin 6 a gwajin ICAO. Yaron da ke jin kunyar magana da Turanci a aji zai sha wuya a rediyo, kuma gyaran wannan ya fi araha a Sakkwato da a kowace ƙasa.

Kafin a biya ko da kuɗin fom, a je wurin likitan da NCAA ta amince da shi a yi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya. Ba kowane asibiti ke yin sa ba, sai an yi tafiya. Ana duba zuciya, jini, ji da gani, har da littafin nan mai ɗige-ɗigen launuka da ake ce wa mutum ya karanta lambar da ke ciki. Akwai samari lafiyayyu da ba su taɓa sanin ba sa bambance ja da kore sosai ba sai a wannan teburin. Tabarau kaɗai ba ya hana tuƙi muddin yana gyara ganin. Kuɗin gwajin bai kai komai ba idan aka auna shi da miliyoyin da za a zuba a gaba.

Yanzu ga jami'o'in da ake yi wa kallon ƙololuwa. Wadda sunanta ya fi yawo ita ce Embry-Riddle a Amurka, mai harabobi a jihohin Fulorida da Arizona, wadda tarihinta ya faro tun 1926. Shekara huɗu ake yi, a fito da digiri da lasisi tare. Karatu ne mai nagarta, ba mai musun wannan: jirage da yawa, malamai isassu, ilimin yanayi da na injin jirgi mai zurfi, da hulɗa da kamfanoni tun ɗalibi yana aji. Amma idan aka haɗa kuɗin makaranta da na tashi da na zama, lissafin yakan haura dala 200,000.

Me ya sa Ba'amurke ke biyan wannan? Dalilin yana cikin dokar ƙasarsu. A watan Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Bafalo, mutum 50 suka mutu. Bayan haka aka tsaurara doka, kuma daga 2013 ko mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai yana da awa 1,500. Sai aka yi rangwame ga wasu: wanda ya yi digiri a jami'ar jiragen sama da FAA ta amince da ita, awa 1,000 ta ishe shi, mai karatun shekara biyu 1,250, tsohon matuƙin soja 750. Ragin awa 500 ɗin nan shi ne babban abin da ake saya da tsadar jami'ar, don yana nufin fara aiki da wuri.

To ɗan unguwar Runjin Sambo ta Sakkwato da zai dawo Najeriya ya nemi aiki a Max Air ko Air Peace ko Rano Air, wane rangwame ya saya? A nan ba a gindaya wa mataimakin matuƙi awa 1,500 a doka. Kuma aiki a kamfanin jiragen Amurka sai mai izinin zama da aiki a ƙasar, abin da bizar ɗalibi ba ta bayarwa. Fa'idar da nake ganin ta rage masa guda ɗaya ce: bizar jami'a takan ba da damar yin aiki na ɗan lokaci bayan kammalawa, wanda zai iya amfani da shi ya zama malamin tuƙi ya tara awanni ana biyan sa. Fa'ida ce ta gaske. Sai dai mai biya ya tambayi kansa ko ta kai bambancin kuɗin.

Na ji wani dattijo, ɗan kasuwar fata, yana tattauna wannan da ɗan ƙanwarsa da ya zo da hotunan wata jami'a a waya. Yaron yana cewa, "Kawu, wagga makaranta fa duniya duka an san ta." Dattijon ya karɓi wayar ya juya hotunan, sannan ya ce, "Na gani, ɗana. In ka gama, wa za shi ba ka jirgi?" Yaron bai da amsa, kuma yawancin takardun tallan makarantu ma ba su da ita.

A gida akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, NCAT, wadda aka kafa a 1964 da taimakon ICAO, kuma matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hannu da yawa a ƙasar nan can suka fito. Ba jami'a ba ce, makarantar sana'a ce. Tana koyarwa da jiragen Diamond masu shan man manyan jirage, wanda ya fi sauƙin samu a nan fiye da man ƙananan jirage. Ga ɗan Sakkwato fa'idarta a bayyane take: lasisin NCAA kai tsaye ba sai an yi musanya ba, tafiyar yini ɗaya a mota ta Gusau da Funtuwa, abinci da masallaci irin na gida, kuma uba zai iya zuwa ya gani da idonsa. Akwai kuma kwalejin jiragen sama ta Ilorin da gwamnatin Kwara ta kafa. Abin da ya kamata a saka a lissafi a kowace makarantar Arewa shi ne hazo. Mu da muka san yadda jirgi kan kasa sauka a filin Sultan Abubakar III a tsakiyar hunturu, mun san abin da hazo ke yi. Ɗalibin da ke matakin farko da ido yake tuƙi, in ba a gani ba ya tashi. Watannin Disamba zuwa Fabrairu sukan ci lokaci, kuma lokaci a wannan karatu kuɗin abinci ne da na ɗaki da hannun da ke mantuwa.

Afirka ta Kudu ta jima tana jan 'yan Najeriya saboda yawan makarantu da yanayin da ke barin a tashi mafi yawan shekara. 43 Air School da ke Port Alfred tana cikin sanannu, ga wasu da dama a kewayen Johannesbag da Piritoriya. Habasha kuma makarantar kamfanin Ethiopian Airlines ce, wadda ta zama jami'a a 2023, kuma ƙarfinta shi ne tana jikin kamfanin jirage mafi girma a Afirka. Amma zama ɗalibinsu ba alkawarin aiki ba ne ga baƙo. Duk lasisin da aka yi a waje, sai an kawo shi NCAA an yi jarrabawar musanya kafin a tuƙa jirgi mai rajistar Najeriya. A saka kuɗin wannan da watanninsa tun farko.

Sai a yi hattara da suna. AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama a Kaduna, da Jami'ar Jihar Kwara a Malete suna koyar da injiniyancin jirage. Jami'ar jiragen sama ta Abuja da aka buɗe a 2023 ta fara ne da fannonin kasuwancin sufurin sama da nazarin yanayi. Duk ilimi ne mai amfani, amma digirin injiniya ko na gudanarwa ba ya ƙara awa ko ɗaya a littafin matuƙi. A hanyar soja ta NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, gwamnati ce ke ɗauke nauyin tuƙin baki ɗaya, sai dai wanda ya shiga soja ne kafin komai, kuma ba shi ke zaɓar ko za a ba shi jirgi ba.

Inda gidaje suka fi yin asara shi ne bayan an kammala. Mai CPL da awa 200 bai isa ya zauna a kujerar Boeing 737 ko Embraer ba sai ya yi horo na musamman a kan wannan samfurin, abin da matuƙa ke kira taif retin. A na'urar kwaikwayon jirgi ake yin yawancinsa, da dala ake biya, dubbai masu yawa, kuma kamfanoni sun fi son wanda ya zo da abinsa. Gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi, suka dawo da lasisi, amma jaridu sun yi ta ruwaito yadda da yawansu suka jima ba su samu jirgi ba. Duk gwamnati ko attajirin da zai ɗauki nauyin yaro, a tambaye shi tun a zaman farko ko tallafin ya haɗa da wannan mataki. Haka nan ba a gaggawar yin sa kafin a ga alamar aiki, domin yana da wa'adi, in ba a tuƙa jirgin ba sai an sake biya a sabunta.

Ga batun canji. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tura ɗansa karatun shekara huɗu da lissafin naira ya ga abin da ya gani. Tsawon karatu a waje shi kansa kasada ne, kuma nan shekara huɗun jami'a ta fi shekara ɗaya da rabi ko biyu ta makarantar tuƙi haɗari.

To digirin ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, amma ba a inda ake zato ba. Takardar lafiyar matuƙi duk shekara ake sabunta ta. Ciwon suga ko matsalar zuciya na iya sauke mutum yana da shekara 35. A 2020 annobar korona ta ajiye jirage da matuƙansu a duniya baki ɗaya. Ranar da haka ta faru, digiri ne ke riƙe mutum, kuma digirin da ba na tuƙi ba ya fi riƙewa, don idan harkar jirage ta durƙushe, mai digiri a kan tuƙi tare suke durƙushewa. Shi ya sa ni a ganina, ga gidan da arzikinsa ke da iyaka, ya fi a raba ƙunshin. Yaro ya yi fiziks ko injiniyanci ko akanta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana kwana a gida, ya gyara Turancinsa, sannan ya tafi makarantar tuƙi da hankalin mai shekara 22. Abin da aka rage a ajiye shi don taif retin. Wanda Allah ya hore wa har tsadar Amurka ba za ta girgiza shi ba, ya je, zai samu ilimi mai kyau. Kawai kada a ci bashi dominsa.

Kowace makaranta aka zaɓa, zuwa da kai ya fi aike. A je da sassafe, lokacin da ake tashi. Kada a tsaya a ofis mai sanyi, a nemi ganin inda jirage suke, a ƙirga waɗanda ke motsi, a ƙirga waɗanda aka lulluɓe ƙura ta kwanta a fukafukansu ko tayarsu ta sace. A tambayi yawan ɗalibai a raba da yawan jiragen da ke aiki. Sannan a samu ɗalibin da ya shekara a wurin, a roƙe shi ya buɗe littafin awanninsa. A bi kwanakin da yatsa. In ana ganin tashi uku ko huɗu a mako, makarantar na aiki. In tsakanin layi da layi akwai wata guda, to duk abin da aka rubuta a takardar talla ba shi ne ke faruwa ba. A nemi ganin takardar amincewar hukumar ƙasar, a duba ko wa'adinta bai ƙare ba.

Wajen biya, kada a zuba kuɗin duka a dunƙule komai rangwamen da aka yi alkawari, domin makarantun tuƙi a ƙasashe da dama sun sha rufewa da kuɗin ɗalibai a ciki. A biya mataki-mataki, PPL tukuna, in an gama a biya na gaba. A tambaya a rubuce ko farashin ya ƙunshi kuɗin jarrabawa, da maimaita darasi in ɗalibi bai ci ba, da ƙarin kuɗin mai in ya tashi. Yawancin ɗalibai sukan wuce mafi ƙarancin awannin da doka ta yanka kafin malami ya sa musu hannu, don haka a ware wani abu a gefe saboda wannan, a kuma sa yarjejeniyar ta faɗi nawa za a mayar idan yaro ya bari a tsakiya.