Takalmin Daji Mai Siririn Ƙasa: Wanne Ya Fi Jure Ƙaya da Dutse?

Duk wanda ya taɓa wuni a daji da but irin na soja ya san yadda ake ƙarewa: yatsu a matse, bororo a dunduniya, farcen babban yatsa ya yi baƙi bayan gangarowa daga dutse. Wannan wahala ce ta sa mafarauta da masu hawan duwatsu suka fara waiwayar wani nau'in but da aka ƙera don ƙafa ta yi aiki kamar ba a sa mata komai ba. Abu uku ne suka bambanta shi. Ƙasansa a shimfiɗe yake, dunduniya da yatsu tsayinsu ɗaya, alhali but na gargajiya yakan ɗaga dunduniya da milimita 10 zuwa 12. Gabansa na da faɗi, yatsu su baje yadda Allah Ya halicce su. Sannan yana lanƙwasuwa, wasu ma kana iya naɗe su ka tura a jaka.

Sai dai yawancin kamfanonin da ke yin su a Turai da Amurka suke, kuma abin da ke gabansu shi ne taɓo da sanyi da ƙanƙara. Mu kuwa abin da ke jiran ƙafarmu shi ne ƙayar aduwa da ta bagaruwa, tsidau, dutsen da rana ta gasa, da kububuwa a ƙarƙashin ciyawa. Don haka ra'ayina tun farko shi ne kada sirantar ƙasan takalmi ta ruɗe ka. Ka tambayi abu biyu: ƙaya za ta huda shi? In ya cinye, shumeka zai iya canza masa ƙasa?

Ta fannin daɗi, faɗin gaba shi ne babbar riba, kuma mu ya fi amfana. Wanda ya tashi cikin silifas da sandal yatsunsa a baje suke, shi ya sa but ɗin Turai mai tsinin baki ke cin mutanenmu ko da lambar ta yi daidai. Ka lura da ƙafarka lokacin da kake saukowa daga kan falalen dutse irin na Kufena ko na Shere a Jos. Nauyinka duka ya koma gaba, babban yatsa na neman ya buɗe ya kama ƙasa, sauran na bin sa. A cikin matsattsen but ba su da wurin yin haka, sai su dunƙule su riƙa dukan bakin takalmin. A cikin mai faɗi kuwa za ka ji kowane yatsa ya dafe, kuma da yake ƙafar na kusa da ƙasa, ba ta saurin gurɗewa kamar yadda take yi a kan dunduniya mai tudu.

Ga maharbi akwai ƙarin riba wajen sanɗa. Da ka ɗora ƙafa a kan busasshen kara za ka ji shi a tafinka kafin ka sakar masa nauyi, sai ka ɗage ka sauya wuri. Mai kaurin ƙasa ba ya sanar da kai sai karan ya ce ƙaras, gada ta riga ta tsere. Ga kuma rashin nauyi. Sojojin Amurka sun daɗe da auna cewa nauyin da ke ƙafa ya fi gajiyar da mutum ninki huɗu zuwa shida a kan irinsa da aka goya a baya.

Amma daɗin nan yana da farashi, kuma ƙafa ce ke biya. Ba soso a ƙasa, ba abin da ke tallafe tsakiyar tafi, to duk aikin ya koma kan tsoka da jijiya. Tafiyar awa biyu a kan yashi ba komai ba ce. Wuni guda a kan tsakuwa da marmara, ga bindiga ga ruwa ga nama a kafaɗa, wannan wata magana ce daban: tafin ƙafa na zafi, sha-raɓa ta ɗaure, agara ta yi tsami, musamman ga wanda ya shekara da shekaru cikin takalmi mai tudun dunduniya. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke Amurka sun bi masu gudu da suka koma takalmin Vibram FiveFingers, wani siririn takalmi mai gidan kowane yatsa, na tsawon mako 10, sai hoton asibiti ya nuna alamun wahala a ƙasusuwan ƙafar fiye da rabinsu. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka kai shi kan iƙirarin da ya yi na amfanin takalmin ga lafiya. A ɗaya ɓangaren, binciken da aka yi a Jami'ar Liverpool aka wallafa a 2021 ya nuna ƙarfin ƙafa ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin ɗari bayan wata shida ana yawon yau da kullum da irin wannan takalmi. Duka biyun gaskiya ne. Ƙafa na ƙarfi, amma a hankali, kuma wanda ya sayo yau ya shiga farautar kwana uku gobe zai dawo yana ɗingishi. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara rasa ji, shi kam ina roƙonsa ya bar siririn takalmi kwata-kwata, don ƙaya za ta shige shi bai sani ba.

Yanzu ga maganar ƙarko, wadda ita ce ta fi damuna, domin kuɗin ba kaɗan ba ne. Takalmi iri biyu ne: wanda aka liƙe ƙasansa da gam, da wanda aka ɗinke. Takalmin da ke lanƙwasuwa sosai yana naɗewa a wuri guda sau dubbai a rana, daidai gindin yatsu, kuma nan ne gam ke fara saki. Ka ƙara masa zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu da ke shiga ɗan tsagin tana ci, sai ka ga baki ya buɗe ta gefe tun ƙasan bai cinye ba. Shumeka zai liƙe maka, zai ma bi da zare, amma idan saman yadi ne mai raga, zaren ba ya samun abin kamawa. Ɗinkakken takalmin fata kuwa ana ɓare tsohon ƙasa a sa sabo, saman na nan, ya riga ya saba da ƙafarka.

A nan Jim Green ya sha gaban sauran. Kamfanin Afirka ta Kudu ne da ke Pietermaritzburg, kuma but ɗinsa African Ranger an tsara shi ne da shawarar masu gadin gandun daji, mutanen da ke sintiri a ƙasa mai ƙaya da zafi irin tamu. Cikin kowane ƙafa goma da aka sayar, kamfanin na ba wani mai gadi ɗaya kyauta. Suna da nau'in wannan but mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da faɗin gaba. Fatar kauri gare ta, an juya bakinta waje an ɗinke ta da ƙasan, ɗinkin a fili yake kana ganinsa, duk ƙwararren shumeka zai gane yadda zai yi da shi. Aibinsa shi ne ya fi 'yan uwansa nauyi da tauri, ba za ka ji ƙasa sosai ba, kuma makonnin farko fatar na cizo kafin ta yi laushi. Masu tsananin son siririn takalmi na cewa ya yi kauri. Ni kuwa wannan kaurin nake nema idan zan ratsa ƙarƙashin aduwa. Suna da mai dogon wuya ma, African Trooper, ga mai son rufe sama da idon sawu.

Vivobarefoot na Ingila, wanda Galahad Clark da Asher Clark na zuriyar masu takalmin Clarks suka kafa, shi ne ya fi suna. But ɗinsu Tracker Forest ESC na fata ne, kamfanin taya na Michelin ya yi masa ƙasa, da haƙora masu tsayin milimita 7 a kan shimfiɗar da ba ta kai milimita 3 ba. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da laka yana kamawa ƙwarai. Wanda zai hau Mambila da damina, ko ya nufi Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 a Gashaka-Gumti, wannan ne nasa. Amma ka duba tsakanin haƙoran: robar da ke wurin siririya ce, doguwar ƙaya da ta tsaya a miƙe na iya samun hanya. Kuɗinsa ya haura dala 200 nesa ba kusa ba, kuma shirin gyaran da kamfanin ke da shi, ReVivo, ba zai amfani mutumin Kano ko Damagaram ba sai ya haɗa da kuɗin aikawa.

Xero Shoes da Lems duka na jihar Colorado ne, duka ba nauyi, duka sun fi Vivobarefoot sauƙin kuɗi. Xero na ba da garantin mil 5,000 a kan ƙasan takalminsu, wajen kilomita 8,000, sai dai garantin na ƙasa ne kawai, saman yadin kuwa shi ƙarangiya da sarƙaƙiya ke fara yagawa. Scrambler Mid ɗinsu ya dace da hawan dutse na yini ɗaya a hanyar da aka saba bi. Boulder Boot na Lems kuwa daɗi gare shi kamar huffi, amma na asalin ƙasansa sulɓi ne a kan jiƙaƙƙen dutse. Takalmin gari ne da tafiye-tafiye, ban ba maharbi shawararsa ba.

Akwai Russell Moccasin na garin Berlin a jihar Wisconsin, da suke ɗinkin hannu tun 1898, kuma mafarautan da ke zuwa Afirka sun daɗe da sanin su. Aikinsu ba shi da makusa, kuɗin ne ya ninka na sauran, ga jira. Wanda kuma ke son faɗin gaba da shimfiɗaɗɗen ƙasa amma ƙafarsa ba ta jure tsakuwa, Altra Lone Peak na da soso mai kaurin kusan milimita 25. Mataki ne mai kyau na farawa, sai dai soso na mutuwa, yadin kuma ba ya shekara a hannun ƙaya.

Kada kuma mu raina na gida. Takalmin taya da makiyaya da manoma ke sawa shimfiɗaɗɗe ne, ƙaya ba ta huda shi da wasa, kuɗinsa bai kai na safar waɗancan ba. Abin da ya rasa shi ne rufin sama. Baduku mai hannu, in ka zana masa ƙafarka a kwali ka ce kada ya tsuke gaba, kada ya sa dunduniya, ya yi da kirgi mai kyau ya ɗinke da ƙasan roba, zai fitar maka da abin da zai yi maka aiki. Matsalar da aka fi samu ita ce kalubansu na katako masu tsinin baki ne, sai ka tsaya a kansa, in ba haka ba ya mayar maka da shi irin na zuwa biki.

Maganar maciji ba ta son wasa. Ba ɗaya daga cikin takalman nan da aka yi don tare sara. Kububuwa ƙarama ce, a ƙafa da idon sawu ta fi samun mutane, kuma asibitin Kaltungo a jihar Gombe shaida ne kan yawan waɗanda take kwantarwa lokacin noma da girbi. Fata mai kauri da dogon wuya ta fi yadi kariya, wannan ba musu, amma kasa na da dogayen fiƙoƙi. Mai shiga duhuwar ciyawa ya nemi kariyar ƙwauri da ake ɗaurawa daga idon sawu zuwa gwiwa, ya haɗa da wando mai kauri.

Game da masu hana ruwa shiga, waɗanda aka sa wa wata leda ta musamman a ciki, ban ga amfaninsu a rani ba. Zufa suke tarawa, ƙafa ta jiƙe daga ciki, bororo ya biyo baya. In ruwan rafi ya shiga ta sama kuma, bushewa sai an kwana biyu. Fata zalla da aka shafa wa man kaɗe haɗe da kakin zuma ta isa tare raɓar safiya, kuma tana numfashi.

To, in an tambaye ni: dajin ƙaya da rani, Jim Green ko aikin baduku na kirki. Tsaunuka masu laka da damina, Vivobarefoot. Hawan dutse na nishaɗi da ƙaramar jaka, Xero ko Altra.

Wajen saye, kada ka dogara da lamba, domin 43 na wannan kamfani ba shi ne 43 na wancan ba. Da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka sa safar da za ka shiga daji da ita, ka tsaya a kan takarda wani ya zagaye maka da biro, ka auna tsayi da faɗi da santimita, ƙafa biyun duka. Ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. In a gwanjo ka ci karo da shi, ka lanƙwasa shi da ƙarfi ka duba gefen gindin yatsu ko gam ya fara saki, ka zare shimfiɗar ciki ka ɗaga shi ga rana ko akwai huda, ka murza robar da farce, in tana marmashewa ta tsufa a ajiye, ka bar ta. Ɗinki da ya yi sako-sako da tambari a karkace alamar jabu ne.

Da ka kawo shi gida, fara da zuwa masallaci da kasuwa, sannan gona, kana ƙara nisa mako bayan mako, kaya masu nauyi su zo daga ƙarshe. Tsamin tsoka na wucewa da hutu. Zafin da ya tsaya wuri guda a saman ƙashin ƙafa, wanda ke ƙaruwa in ka danna, shi ne na ajiye takalmin a je asibiti. Bayan kowace fita ka juya ƙasan ka cire guntayen ƙaya da tsinin wuƙa kafin su nutse, ka goge ƙura, ka shanya a inuwa, kada a rana ko bakin murhu, domin zafi na busar da fata ya kuma narkar da gam.